Dutse na Tara

Mata masu kora aladu daji ne suka tsinci gawar da hantsin ranar Talata. Tana kife a bakin rafi, ƙeya a fashe, gashin kai ya daskare da jini. Ko ba a birkito shi ba an san ko wane ne, don a duk garin Dornwies babu mai baƙar riga mai tsada irin wannan sai Lorenz, magatakardan da babbar kotun Daula ta turo.

Shekara talatin da ɗaya garinmu yana shari'a da gidan Rabenek, masu ganuwar kan tudu, a kan daji guda. Mu muna cewa iyakarmu ta haye rafi, su suna cewa rafin shi ne iyaka. A dajin nan muke saran itacen ɗumi, a nan aladunmu ke ƙiba kafin hunturu. Waɗanda suka kai ƙarar sun mutu, lauyoyinsu sun mutu, takarda ce kawai ta ƙi mutuwa. Sai a waccan shekarar kotu ta tuna da mu, ta aiko Lorenz ya ɗauki shaidar tsofaffi. Kwana tara yana rubutu, ya ɗinke takardun da zare, ya buga hatimi, ya zuba a gafakar fata da niyyar kama hanya ran Laraba. To ga shi a kwance, gafaka kuwa babu ita babu dalilinta.

Tsoho Endres ne ya durƙusa ya birkito gawar ya rufe mata ido, yana tarin nan nasa mai ja har ƙirji. Shi ne babban dattijon gari, kuma shi ya riƙe Wendel mai bin sawu tun yana maraya ɗan shekara biyar. Wendel ya kama hannunsa ya tayar da shi, ya dubi ƙasa, ya ja tsaki. Aladu da 'yan kallo sun dame wurin kamar an kwaɓa ƙasar gini.

Kashe ɗan aiken Daula ba kisan da ake binnewa a yi shiru ba ne. Kafin rana ta take alƙalin gunduma ya iso da sojoji huɗu, gari kuma ya shiga neman wanda zai miƙa. Ba a wahala ba. Bukkar Jobst mai ƙona gawayi ce mafi kusa da rafi, shi kuwa baƙo ne daga bayan duwatsu, ba shi da dangi a nan. Aka birkice bukkar, aka sami lambar azurfa da 'yan aiken kotu ke maƙalawa a ƙirji, an cusa ta cikin tukunyar gishiri.

Abin takaicin, Jobst ɗin nan shi ne mijin Ottilie, 'yar Wendel tilo.

Da yamma ta sami mahaifinta a ƙofar gida yana gyaran tarko.

"Baba, ran Juma'a za su kira hauni ya tambaye shi."

"Na ji."

"Ka ji, kuma kana zaune."

"Ni na ce ki auri ɓarawo? Sau nawa na gaya miki mutumin nan hannunsa ba ya zama wuri ɗaya?"

"Ɓarawo ne, na yarda. Wawa ne ma, na yarda. Amma mutumin da in za a yanka kaza sai ya zaga bayan ɗaki, shi zai fasa kan mutum? Baba, ka dube ni ka ce shi ne."

Bai dube ta ba. Ya san abin da ake kira tambayar hauni. In aka sa yatsun mutum cikin ƙarfen matsi aka fara murɗawa, ko uwarsa aka ce ya kashe zai amsa, kuma bayan amsawa sai igiya. Ya ajiye tarkon ya ɗauki hularsa.

*

A ɗakin ƙasa na gidan alƙali Jobst ya haɗa kai da gwiwa, fuska duk gawayi da hawaye.

"Suruki, na rantse da Allah a mace na same shi. Da sassafe na je ɗibar ruwa, na gan shi a kife. Na ga abin nan yana ƙyalli, sai zuciya ta ce..."

"Zuciyar banza. Gafakar fa?"

"Ban ga gafaka ba. Me zan yi da takarda, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?"

"Akwai jini a ƙasa inda yake kwance?"

Jobst ya girgiza kai. "Babu. Ciyawar ma tas take."

Wendel ya miƙe. In babu jini, ba a nan aka kashe shi ba, janyo shi aka yi.

Daga nan ya wuce masaukin da Lorenz ya sauka. Apollonia mai masaukin tana kankare tukunya, ba ta ko ɗago ba.

"Ka zo wanke ɓarawon naka ne?"

"Na zo tambaya, Inna. Yaushe baƙon ya fita ran Litinin?"

"Da ruwa ya ɗauke, bayan ya ci abinci. Miyar kabeji ma rabi ya sha. Tun ran Lahadi da ya dawo daga tudu ya canza, ya bar surutu."

"Ya je gidan Rabenek?"

"Yini guda. Kuma ran Litinin ɗin na ga Kilian wakilinsu a kan farin dokinsa ya bi hanyar rafi. Amma ni ban ce komai ba fa."

"Ya fita da gafakar?"

"Ko makewayi zai shiga da ita yake shiga. Ya ce min zai gana da wani, ba zai daɗe ba. Ya kuma tambaye ni wai dattawanmu masu tsoron Allah ne? Na ce su dai kam ba sa fashin coci."

Ran Laraba Wendel ya bi hanyar rafi. Sawun farin dokin na nan kuwa, don ruwan Litinin ya jiƙa ƙasa, sanyin da ya biyo baya ya daskarar da taɓon, kome ya tsaya yadda aka taka shi. Ransa ya yi fari. In Kilian ne, an huta, gari ma sai ya yi rawa. Ya bi sawun har tudu.

Kilian ya saurare shi, sannan ya tuntsire da dariya.

"Kai, Wendel, tsufa ya fara taɓa ka. Dokin nan wajen maƙeri na kai shi, je ka tambaya. Zo ka ga abu."

Ya shigar da shi ɗakin ajiyar takardu, ya sauko da wani ƙaton littafi mai bangon katako, ya buɗe.

"Ba ka karatu, bari in karanta maka. Wannan rubutun ya shekara ɗari da ashirin, da hatimin Daula a jikinsa. Dutsen iyaka na tara yana gabas da rafi, ta ɓangaren gari. Yanzu ina yake? Yana yamma, taki ɗari uku cikin dajinmu. Duwatsun garinku ƙafa gare su? Magatakardan ya gani, ya kwafa, ya ɗinke cikin takardunsa. Mu da muke addu'ar gafakar nan ta isa kotu lafiya, mu za mu kashe shi?"

Wendel ya tsaya wajen maƙeri a hanyar dawowa. Gaskiya ne, dokin ya yini a can ana sa masa takalmi. Ya koma gida jikinsa a sanyaye.

*

Ran Alhamis da safe ya haye rafi, ya bar inda aka tsinci gawar, ya yi sama. Taki kaɗan sai ga layi biyu a taɓo, inda dugadugan matacce suka kafta ƙasa ana jansa gangare. Ya bi su har suka kai shi wani fili cikin itatuwa, wurin da ba wanda ya taka tun Litinin. Dutse na tara yana tsaye a tsakiya.

Ya fara da hanyar da aka bi aka zo. Mutum biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, ba mai bin wani a baya. Ɗaya takalmin birni mai tsinin baki, ɗaya takalmin ƙauye irin na kowa, yana dogara shebur kamar sanda. Sau uku a hawan tudun mai sheburin ya tsaya ya dafa itace, sau uku kuma ɗan birnin ya tsaya ya jira shi. A gindin itace na uku akwai kaki a kan ganye, ya daskare, da ɗigon jini a ciki.

Wendel ya daɗe a tsaye yana kallon ganyen nan. Sannan ya ƙarasa filin.

Taki goma daga dutsen, takalman birnin sun nutse sosai, alamar mai su ya jima a tsaye wuri ɗaya. Bakin takalman yana kallon daji, dugadugan suna wajen dutsen. A nan jinin yake.

To, duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ke sa mutum ya tsaya haka. Kowane gari yana da dattawa bakwai rantsattsu masu kula da iyaka, muna ce musu Bakwai. A ƙarƙashin kowane dutsen iyaka sun binne wasu 'yan abubuwa da ake kira shaidu, ba wanda ya san ko mene ne ko yadda ake jera su sai su, kuma da baki suke gadar wa juna sirrin. In ana shakkar dutse, ɗayansu ne ke tono. Yayin da yake tonon, kowa sai ya ja baya taki goma ya juya ƙeya, ko alƙali ne, ko ɗan aiken Sarkin Daula. Ɗan fashi ba zai sa magatakarda ya juya masa baya ya tsaya yana jira ba. Mai gawayi ma haka.

Dutsen kuwa an tone shi an mayar, an daddaɓe ƙasar da bayan shebur, an saita shi tsaf ba karkace. Mutum ya kashe rai, gawa na kwance a gefensa, amma hannunsa ya kasa barin dutsen iyaka a wofince.

A cikin Bakwai mutum ɗaya ne ke tarin jini. Wendel ya zauna a ƙasa mai sanyi ya yi kuka kamar yaro.

*

Ya sami Endres a tsakar gida yana faskare. Shebur na jingine da bango, an wanke shi fes.

"Baba, na je dutse na tara."

Tsohon bai daina faskaren ba. "Ka ga me?"

"Na ga abin da ka koya mini gani."

Endres ya ajiye gatari, ya yi tari, ya share baki. "Zauna, ɗana. Gidaje sittin ne a garin nan. In gafakar nan ta isa kotu, dajin ya tafi. Ka san yara nawa za a binne a hunturun farko?"

"Gobe za su sa Jobst a ƙarfe."

"Baƙo ne. Kai ma ba ka taɓa ƙaunarsa ba. Ottilie yarinya ce, za ta sake aure."

"Baba..."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ce ka yi shiru. Shiru kawai nake roƙo, ni da ban taɓa roƙonka kome ba."

Da Wendel ya fita daga gidan, hanyar gidan alƙali tana dama, hanyar gidansa tana hagu. Allah wadai, hagu ya yi. Ya ce wa ransa zai yi tunani, wataƙila tsohon zai je da ƙafarsa, wataƙila haunin zai makara.

Haunin bai makara ba. Ran Juma'a da ƙararrawar safe Wendel yana tsaye a dandali sai ya ji ƙarar Jobst tana fitowa ta 'yar tagar ɗakin ƙasa. Ottilie tana durƙushe a bakin tagar ta toshe kunnuwa. Ya ture sojan ƙofa ya faɗa ciki.

"Ranka ya daɗe, a tsayar. Ba shi ba ne. A ba ni zuwa yamma in nuna maka a ƙasa."

Alƙalin ya dube shi a yatsine. "Ya riga ya fara amsawa."

"Ka tambaye shi inda gafakar take, ranka ya daɗe. Ba zai iya faɗa ba ko kun niƙe shi. Gafakar ce kotu za ta nema a hannunka, ba mai gawayi ba."

Wannan maganar ce ta ratsa alƙalin.

*

Bayan tsakar rana aka taru a filin dutse na tara. Ga alƙali da sojojinsa, ga Kilian, ga Jobst a ɗaure da hannun dama naɗe da tsumma, ga Bakwai cikin manyan rigunansu na sanyi, rabin gari kuma na leƙe daga cikin itatuwa. Wendel ya hana kowa taka tsakiya. Ya nuna sawun mutum biyu, ya nuna inda aka tsaya sau uku, ya kai alƙalin wajen takalman birnin.

"Ranka ya daɗe, ina mutumin nan yake kallo?"

"Daji."

"Dutsen fa?"

"Yana bayansa." Alƙalin ya ƙirga takin da ido, fuskarsa ta canza. Ya juya wajen Bakwai. "A buɗe dutsen nan yanzu."

Ba wanda ya yi gardama. Mutane suka ja baya taki goma suka juya ƙeya, har alƙalin. Bakwai suka kewaye dutsen, suka baza rigunansu suka kare ramin yadda aka saba. Wendel ya tsaya dab da sawun mamacin, yana kallon itatuwan da mamacin ya kalla. Ya ji shebur na shiga ƙasa, ya ji an kawar da dutsen. Sai sheburin ya daki wani abu mai taushi, aka yi tsit. Aka fara raɗa. Raɗar ta yi tsawo.

Can ɗaya daga cikin Bakwai ya ɗaga murya. "Dutse yana mazauninsa. Shaidunsa sun cika. Babu wani abu."

Wendel ya ji sheburin ya fara mayar da ƙasa. Ya san in aka rufe ramin nan, maganar Bakwai ita ce shari'a, ba mai sake tono, Jobst kuma ya tafi. Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin wanda ya waiwaya ba. Ya waiwaya.

Wata mata ta yi salati irin namu ta rufe ido. Wendel ya ratsa tsakanin rigunan, ya zura hannu cikin ramin, ya zaro gafakar, taɓo na ɗiga, hatimin bai ko karye ba. Ya ajiye ta a gaban alƙali. Biyu daga cikin dattawan suka yi kansa.

"Ku ƙyale shi," in ji Endres. "Waɗannan shidan ba su san kome ba sai yanzu, ranka ya daɗe. Ni ne."

Ya zauna a kan dutsen da aka kwantar.

"Shekara arba'in da uku ke nan, shekarar yunwa. Ina saurayi, ban shiga Bakwai ba. Ni kaɗai na ciro dutsen nan daga gabas da rafi, na jawo shi da bijimi, na kafa a nan. Ban san ana binne wani abu a ƙasa ba. Sai da aka rantsar da ni aka gaya mini sirrin, na gane dutsen nan ba shi da shaida ko ɗaya. Magatakardan mutumin kirki ne. Ya same ni a keɓe, ya ce bai son ya kunyata gari, in tona in gaya masa gaskiya tsakanina da Allah. Ya juya baya ya tsaya yana jirana. Har yana ce mini kada in yi sauri saboda ƙirjina."

Ya ɗago ya dubi Wendel. "A hunturun waccan shekarar na ɗauko ka daga gefen gawar uwarka. Itacen da ya ɗumama ka daga nan na saro shi."

Sojoji suka kwance igiyar hannun Jobst suka ɗaura wa tsohon.

*

Bayan sati biyu aka rataye Endres a mararrabar gunduma. Gafakar ta tafi kotu, an ƙara mata takarda ɗaya mai bayanin yadda mai ita ya mutu. Hukunci bai fito ba har yau, amma Kilian bai jira shi ba, ya zuba masu gadi a bakin rafi. A hunturun nan an binne yara tara a Dornwies. Ba wanda ya sake amsa gaisuwar Wendel, in ya shiga coci bencin da ya zauna sai ya watse.

Jobst ya koma bukkarsa, bayan an yi masa bulala ashirin na satar lamba. Yatsu huɗu na hannun damansa sun warke a murɗe, ko cokali ba ya riƙewa da su.

Ran da Wendel ya je duba shi, Ottilie ta tare shi a ƙofa.

"Baba, tambaya ɗaya. Yaushe ka gane?"

Zai iya cewa Juma'a, ba wanda zai ƙaryata shi. "Alhamis," ya ce. "Da safe."

Ta dube shi, ta dubi hannun mijinta da ke zaune a ciki. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta shiga ta rufe ƙofa.

Gatarin Jobst na yashe a bakin ramin gawayi, ya fara tsatsa. Wendel ya ɗauka, ya wasa shi a dutse, ya fara sara. Tun daga ranar kullum da safe yana zuwa, ya sare itacen yini, ya jera, ya jingine gatarin ya tafi. Shekara shida ke nan, ba a taɓa ce masa ya shigo ba.